Allo, Alli da Bindiga: Masu Kallon Numb3rs Iri-Iri

Daga Janairun 2005 zuwa Maris na 2010, gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna wani shiri mai suna Numb3rs, zango 6, fitowa 118, galibi a daren Juma'a. Labarin wa da ƙani ne a birnin Los Angeles. Wan, Don Eppes, jami'in FBI ne. Ƙanin, Charlie, farfesan lissafi ne mai tarin suma, hannunsa ba ya rabo da alli. Idan bincike ya cije wa wan, sai ƙanin ya cika allo da rubutu, ya zagaye wani wuri a taswira ya ce a je can. A je, a yi harbe-harbe, a kamo mutum, a dawo gida a ci abincin dare da mahaifinsu. Shirin ke nan, sau 118.

Mu nan a faifan DVD ya iso mana, irin wanda ake cusa zango guda a ciki, daga baya kuma a wurin masu tura fim a waya. Abin da ya sa nake son kallonsa cikin jama'a shi ne yana tona asirin mai kallo. A fim ɗin soyayya kowa na iya haɗiye abin da ke ransa. Amma da zarar Charlie ya ɗauki alli, duk wanda ke ɗakin sai tsohuwar hulɗarsa da lissafi ta fito fili, daga wanda ya sha bulala kan haddar bakwai sau takwas har wanda ya ci A1 shekara ashirin da suka wuce bai daina ba da labari ba. Suna tsammanin shirin suke sharhi a kai. Kansu suke bayarwa.

Mafi haɗari a cikinsu shi ne malamin lissafi, kuma kada ka kuskura rimot ya shiga hannunsa. Shi ba mai laifin yake nema ba, kuskure yake nema. Ana tsaka da bin mota sai hoto ya tsaya cik, ka waiwaya ka ga Malam ya tashi daga kujera, ya matsa gaban akwatin, ya sauke tabarau kan hanci yana bin rubutun allo da yatsa. "Ku dakata, wannan alamar ba nan ya kamata ta zauna ba." A dakata. Ya ciro biro, ya juya bayan takardar kuɗin wuta, ya yi ta rubutu yana gunaguni. Can sai ya koma ya zauna fuska a murtuke ya ce, "To, daidai ne." Babu abin da ke ɓata masa dare kamar wannan daidai ɗin. Kuma yana yawan samunsa, domin masu shirin, Nicolas Falacci da matarsa Cheryl Heuton, ba su yi wasa da allon ba. Sun ɗauki Gary Lorden, farfesa a jami'ar Caltech, ya zame musu mai ba da shawara, daga baya ma'aikatan kamfanin Wolfram Research suka riƙa duba lissafin. A farkon shirin ma hannun da ake nunawa yana rubutu ba na ɗan wasan ba ne, na wani ɗalibin digiri na uku ne a Caltech.

Idan allo ya ƙi ba shi abin kamawa, sai Malam ya koma kan ƙorafin da yake da gaskiya a kai, kuma ni ma ina bayansa a nan. Aikin da zai ci ayarin masana wata shida, Charlie a daren guda yake gama shi a gareji. Sannan babu reshen lissafin da bai ƙware a kai ba. Yau yana karya rubutun sirri, gobe yana bin yaɗuwar annoba, jibi yana auna ƙarfin dogon bene da iska. A jami'ar gaske, wanda ya ƙare rayuwarsa kan ka'idar lambobi sau da yawa ba ya gane takardar maƙwabcin ofishinsa. Malam ya san wannan sarai. Abin da ba zai furta ba shi ne, a duk shekarun da ya yi yana koyarwa ba a taɓa turo mota da jiniya a ɗauke shi ba.

A ɗaya gefen tabarmar akwai wanda lissafi ya taɓa ji wa ciwo. Shi ne ya zauna WAEC har ya saba da masu gadin jarrabawa, duk saboda kiredit guda. Da ka ga Charlie ya buɗe baki zai yi bayani, sai ka ga mutumin nan ya tuna yana jin ƙishirwa, ko ya hau duba waya, ko ya ce, "Don Allah a wuce wurin nan, a kai mu inda ake aiki." Aiki a wurinsa shi ne a balle ƙofa da ƙafa. Jaruminsa Don ne, ko Colby Granger, ƙaton nan tsohon soja. Ra'ayinsa kan shirin gajere ne: fim ne mai kyau da surutu ya ɓata. Ina da albishir guda gare shi da kuma mummunan labari guda. David Krumholtz, wanda ya fito a Charlie, da bakinsa ya sha faɗa cewa a makaranta lissafi kayar da shi ya yi. Shi kuwa Dylan Bruno, wato Colby mai balle ƙofa, injiniya ne da ya yi digiri a MIT. Wannan na biyun ba a gaya masa sai ya ci abinci.

Sai sabon tuba. Shi da can ba ruwansa da lissafi, fitowar farko ce ta kama shi, kuma ba laifinsa ba ne, domin fitowar tana da kyau. Charlie yana kallon abin fesa ruwa a lambun gidansu sai ya ce wa wansa: ba zan iya gaya maka inda ɗigo na gaba zai sauka ba, amma idan ka nuna mini inda ɗigon baya suka sauka, zan iya gaya maka inda famfon yake. Wato a daina ƙoƙarin hasashen inda mai laifi zai sake ɓarna, a yi amfani da wuraren da ya riga ya yi a gano inda yake kwana. Daga wannan daren sabon tuba ya gama yanke hukunci cewa babu abin da ya gagari lissafi. Aka sace waya a layinsu, washegari ya zana taswirar unguwa a bayan kalanda, ya ɗiga jan biro a gidan da aka ɗauke buta, da inda aka kwance batirin mota, da inda akuya ta ɓata tun kafin azumi, ya ja layi ya haɗa su, layukan suka haɗu a kan gidan limamin unguwa. Da ƙyar aka lallashe shi ya ninke kalandar.

Abin da ya kama a fim ɗin gaskiya ne, sai dai rabinta ya ɗauka. Dabarar ta wani ɗan sandan birnin Vancouver ce a Kanada, Kim Rossmo, wanda ya yi digirin digirgir a kanta. Tushenta abu biyu ne da duk tsohon mai unguwa ya sani: mai laifi ba ya son yin nisa da inda ya saba, kuma ba ya ɓarna a ƙofar gidansu inda za a gane shi. Idan aka saka waɗannan biyun a ma'auni, kowane yanki na gari sai ya sami maki, taswira ta fito da inda ya fi zafi. A 1998 aka gayyaci Rossmo garin Lafayette a jihar Louisiana kan wani da ya daɗe yana yi wa mata fyaɗe. Taswirarsa ta nuna wani ɗan yanki, aka gwada ƙwayar halittar waɗanda ake zargi a can, babu wanda ya dace. Sai da wani ya tsegunta sunan wani jami'in ofishin sharif, aka bincika aka ga ai a yankin yake zaune a da, ƙaura ya yi. Guntun sigarin da ya yar shi ya ƙarasa aikin. Lissafin bai yi ƙarya ba, amma bai kama kowa ba. Ya rage faɗin wurin nema ne, kuma sai da laifuffukan suka kasance na mutum guda, wanda buta da batir da akuyar sabon tuba ba su cika wannan sharaɗin ba.

Da za ka kai wannan labarin gaban tsohon ɗan sanda, da ka ba shi abin da yake so. Shi kallon shirin yake yi da murmushin wanda ya san dawan garin. "Yaro, ka ji ko? Tsegumi. Shekara talatin da biyar na yi, ban taɓa kama ɓarawo da alli ba. Mai shayi, mai wankin takalmi, da matar da aka saka ba a ba ta kayanta ba, su ne kwamfutarmu." Harbe-harben ma ba ya burge shi, yana cewa jami'in da ya harba harsashi irin haka a mako guda, rubuta rahoto zai kashe shi kafin 'yan fashi. Abu guda ke sa shi yin shiru, wato idan Don ya ce a kawo bayanan duk laifin da aka yi a gari cikin shekara biyar, aka danna maɓalli suka fito. Nan sai ya girgiza kai ya ce, "Ka ga inda suka fi mu. Ba wayo ba ne, ajiya ce." Duk cikin masu kallon babu wanda ya faɗi magana mai nauyin wannan, kuma bai san ya faɗa ba.

Akwai wata fitowa a ƙarshen zangon farko da ya kamata a rubuta gargaɗi a jikin faifanta, saboda ita ce ke tayar da mai musu. Charlie yana koyar da aji, ya kawo wasan nan da aka sani da sunan Monty Hall, mai gabatar da wani shirin kacici-kacici a Amurka. Ƙofa uku, bayan ɗaya mota, bayan biyu akuya. Ka zaɓi ɗaya. Mai wasan, wanda ya san inda motar take, ya buɗe ɗaya daga cikin biyun da ka bari ya nuna maka akuya, sannan ya tambaye ka: za ka tsaya kan zaɓinka ko za ka sauya? Charlie ya ce sauyawa ta fi, domin mai sauyawa yana cin mota sau 2 cikin 3, mai tsayawa sau 1 cikin 3.

Nan mai musu zai miƙe. "Ƙarya ne wallahi. Ƙofa biyu suka rage, rabi da rabi ne, ko a gaban alƙali." Washegari a teburin mai shayi za ka same shi ya kife kofi uku, ya sa ƙwallon goro ƙarƙashin ɗaya, ya tara shaidu. A yi masa bayani: Alhaji, lokacin da ka fara zaɓa, sau biyu cikin uku kofin banza ka taɓa. Duk sanda ka taɓa na banza, mai wasan ba shi da zaɓi, dole ya ɗaga ɗaya na banzan, goron yana ƙarƙashin wanda ya rage. Ya ce a gwada. A yi ta gwadawa, yaron mai shayi yana jan layi da gawayi a jikin benci, layin masu sauyawa yana ta tsawo. Alhaji ya dubi bencin, ya dubi yaron, ya ce yaron yana leƙe. A sauya yaro. Ya ce goron ne ke gangarawa. Daga ƙarshe wani dattijo da ke gefe yana kaɗa shayinsa ya ce shi bai ga abin faɗa ba, wanda ya tashi da akuya ai bai yi asara ba, mota kuwa sai an zuba mata mai.

Ba na yi wa mai musu dariya sosai, domin yana da manyan abokan tafiya. A 1990, da Marilyn vos Savant ta ba da wannan amsar a mujallar Parade, wasiƙu kusan 10,000 suka zo mata, kusan 1,000 daga masu digirin digirgir, yawancinsu suna cewa ta yi kuskure. Paul Erdős ma, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarnin jiya, bai yarda ba sai da aka nuna masa a kwamfuta. Bambancinsu da Alhaji shi ne su daga baya sun sauko.

Hajiya kuwa, wadda ta zauna kallo don jikoki sun hana a sauya tasha, tun fitowa ta uku ta gama fahimtar shirin. A wurinta Charlie malamin duba ne da ya yi boko: a zo masa da matsala, ya yi zane-zanen da ba mai ganewa sai shi, ya yi shiru yana kallon sama, sannan ya ce ɓarawon yana gabas kusa da ruwa. Bambancin kawai, in ji ta, wannan ba ya cewa a kawo baƙin zakara. Ka yi mata bayanin cewa zanen Charlie kowa zai iya koya ya bi sawunsa ya gano in ya yi kuskure, ta ce to kai ka gane? Ka yi shiru. Ta ce to.

Amma ba allon take kallo ba, gidan take kallo. Ita ce ta lura cewa uwar yaran ta rasu da ciwon daji, kuma a watannin ƙarshe na jinyarta Charlie ya kulle kansa a gareji yana fama da wata matsalar lissafi da ba a taɓa warwarewa ba, ya kasa shiga ɗakin. Malamin lissafi zai gaya maka sunan matsalar, P da NP. Hajiya za ta gaya maka cewa yaron tsoro ya ji, kuma wansa bai gama yafe masa ba. Duk wanda ya kalli zangon farko da idon basira ya san ita ta fi kusa da abin da marubutan ke nufi. Tausayinta yana kan uban, Alan, gwauro da ƙarti biyu da suka ƙi aure. Tun da ta ga Amita Ramanujan tare da Charlie ta fara tambaya, "Wai yarinyar nan, an kai kuɗinta kuwa?" Da aka ce mata ai ɗalibarsa ce, shi ke duba aikin digirinta, sai ta tafa hannu ta ce wannan ba tsari ba ne, malami da ɗalibarsa. A nan ra'ayinta ya zo ɗaya da na Alice Silverberg, farfesar lissafi a Amurka, wadda ta yi rubutu a 2006 tana sukar shirin kan wannan alaƙar da yadda yake nuna mata masana. Sai a fitowar ƙarshe aka ɗaura auren. Hajiya ta ce shekara shida ana jan yarinya, Allah ya kyauta.

Uban yara shi kuma makami ya samu. Ya ji an ce Charlie yana da shekara 13 ya shiga jami'ar Princeton, shi ke nan yaran gidan sun shiga uku. "Kai shekararka nawa? Sha biyar. Me ka iya ban da cin tuwo?" Ba ya tuna cewa Charlie marubuta ne suka haife shi. A Amurka ma an yi irin wannan ɗokin, cikin tsari: kamfanin Texas Instruments mai ƙera kalkuleta ya haɗa kai da ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar suna fitar da darussan aji bisa kowace fitowa. Sai dai shiri ne na ƙarfe goman dare, da gawa a kusan kowane mako, don haka uban da ya tara yara su koyi lissafi yakan ƙare da rufe musu ido da tafin hannu.

Masoyin Larry Fleinhardt ba ya damun kowa. Larry shi ne abokin Charlie, masanin kimiyyar sararin samaniya da ya ɗauki lokaci ba ya cin abinci sai fari, ya sayar da gidansa, daga baya aka harba shi tashar sararin samaniya. Masoyinsa yakan yi magana a hankali, ya fara jimla kan taurari ya ƙare ta kan tsadar gas. Mai ɓata labari kuwa, wanda zai shigo ana zango na biyu ya nuna Colby ya ce "wannan ai ɗan leƙen asiri ne, amma kada ku damu, daga baya za a gane na kirki ne", hukuncinsa a kore shi waje, ba sai an yi shawara ba.

Wanda nake jin tsoron haɗuwa da shi a hanya shi ne mai jiran miliyan. A wata fitowa an sace 'yar wani masanin lissafi saboda ana zaton ya warware hasashen Riemann, wata tambaya kan yadda lambobin da ba sa rabuwa suke jeruwa, wadda ke nan tun 1859. Masana sun yi ta cewa ko an warware ta ba shi ke nan an buɗe asirin bankuna ba, kamar yadda fim ɗin ya nuna. Mutuminmu bai ji wannan ba. Abin da ya ji shi ne Cibiyar Clay ta sa dala miliyan 1 a shekarar 2000 kan kowace ɗaya daga cikin matsaloli 7, har da wannan da ta P da NP. Ya buga lissafin canji zuwa naira, wanda shi ne lissafi na ƙarshe da ya yi daidai, ya sayi littafin rubutu mai shafi 80. Yanzu ya cika uku. Yana neman wanda zai duba masa amma yana tsoron a sace, don haka sai ya nuna maka shafi ɗaya yana rufe rabinsa da hannu. Matsala guda cikin bakwai ɗin aka warware zuwa yau, kuma Grigori Perelman, Barashen da ya warware ta, ya ƙi karɓar kuɗin. Da na gaya wa mai jiran miliyan haka, tambayarsa ita ce ko ana iya ba wani.

Akwai kuma wanda ba ya cewa komai. Ma'ajin wata ƙungiya ne, ko mai riƙe da littafin shago, mutum mai fara'a da carbi. Duk harbe-harben nan bai ɗaga kai ba, sai ranar da Charlie ya yi bayanin dokar Benford. Dokar ta ce a tarin alƙaluman da suka taru da kansu, irin kuɗin ciniki ko yawan mutanen garuruwa, lambar farko ba ta rabuwa daidai wa daida: kusan kashi 30 cikin 100 da 1 suke farawa, masu farawa da 9 ba su kai kashi 5 ba. Simon Newcomb ne ya fara lura a 1881, da ya ga shafukan farko na littafin logaridam, irin fo-figar da muka riƙe a sakandare, sun fi na ƙarshe dauɗa da tsufa. Frank Benford ya sake gano ta a 1938. Mai ƙirƙirar alƙaluma daga kansa ba ya sanin haka, sai ya yi ta watsa 5 da 6 da 7 don su yi kama da gaskiya, kuma da wannan masu binciken kuɗi ke gane littafin da ya kamata a sake buɗewa.

Ma'aji ya gyara zama. A karon farko ya nemi a mayar da wurin baya. Ya tambayi malamin lissafi, cikin ladabi, ko masu odita na nan ƙasar ma sun san wannan dokar. Malam, da murnar an tambaye shi abu, ya ce wasunsu sun sani, har manhaja gare su. Ma'aji ya ce Allah Sarki, ilimi kogi ne. Sannan ya nemi a maimaita masa kason 1 da na 2 da na 3, a hankali, yana rubutawa a tafin hannu.